Na Amsa Sunan Mutari

Ni mutum ne mai wasu-wasi. In na rufe rumbu na kama hanyar gida, sai na koma na taɓa murfin. In na yi alwala nakan sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. A ƙauyenmu, can gefen Yekuwa, kowa ya san ni da haka. To ni ɗin aka zaɓa in tafi Aljeriya neman yayana Mutari. Ba don na fi kowa zuciya ba. Na kai aji shida a lakwal, makarantar boko, ina jin faransanci kaɗan, kuma an san ba zan faɗi abin da ban gani ba.

Mutari ya yi damina biyu ba waya, ba saƙo. Matarsa Zuwaira na zaune a gidanmu da 'yarsu, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Mahaifinta, Baba Haru, ya ce haƙurinsa ya ƙare. In je in dawo kafin kaka mai zuwa ta wuce, in tsaya gaban liman, in dafa Alƙur'ani in ce yana raye ga inda yake, ko in ce ya rasu, don a san matsayin Zuwaira. Kalma ɗaya aka aike ni in ɗauko.

Mutari ɗan farin Inna ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanka". Ranar da zan tafi ma abin da ta iya faɗi shi ne, "In ka ga mutane, ka gaishe su."

Daga Arlit zuwa iyaka babu hanya, sai sawun tayoyi. Mun cika bayan wata ƙaramar mota, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. Da hantsi direban, wani Buzu marar son magana, ya tsaya injin ya huce. Na sauka in kama ruwa, na yi ɗan nisa saboda kunya. Bayan wani tudu na tarar da duwatsu an tara su tsibi-tsibi, kowane tsibi tsawon mutum. Babu allo, babu suna. A kan ɗaya an ɗora jarka naɗe da buhu, a gefen wani kuma takalmin roba ƙafa ɗaya. Ba tsuntsu, ba ƙuda. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har bugun jinina nake ji a kunne.

Na ɗauki takalmin na gwada, don ƙafata da ta Mutari ɗaya ce. Ya yi mini kaɗan. Na ajiye, na tafi, na dawo na sake gwadawa.

"Kai, mai takalmi!" direban ya ƙwala mini kira. "Kaburburan waɗanda aka kwaso daga arewa ne, aka zube su aka ce su ƙarasa da ƙafa. In kowane dutse za ka tambaya sunansa, faɗa mini in ba wani wurinka."

A Tamanraset mutanenmu na taruwa a bakin wani busasshen kogi. Nan na fara tambaya. Ban kai ga mutum na uku ba sai ga wani mai farar riga tas, ya ce sunansa Alhaji Tanko, mutumin Bande ne.

"Mutari na Yekuwa? Haba! Dogo, baƙi, mai wushirya?"

Na ce, "Alhaji, ba shi da wushirya."

"To ai shi nake faɗa maka. Da yana da ita, ta cike. Abinci ya karɓe shi. Kawo wayarka in kira maka shi, nan ba a samun layi sai bayan katangar can."

Na san maganar ba ta zauna ba. Amma na ji nauyin in ƙaryata mai furfura, na miƙa masa. Ya zagaya katanga, ni kuma na tsaya a rana har azahar ina jira. Washegari na hango shi yana ce wa wata tsohuwa 'yar Kance ya ga ɗanta, dogo, baƙi, mai wushirya.

Wata mai sayar da shinkafa da wake, Uwani, mutuniyar Dungas, ita ta ga duk abin da ya faru. Ta zuba mini abinci ta ce, "Ci, ɗan nan. Kowa a nan sai da ya sayi Tanko sau ɗaya. Kai dai ka saya da wuri." Na gaya mata akwai wata lamba da Mutari ya taɓa kiranmu da ita, ya ce ta gidan da yake aiki ce, gidan wani tsoho mai allo. Daga gida na sha kira ba a ɗauka. Na haddace ta kamar sura, ina bitarta bayan kowace salla. Uwani ta ba ni wayarta. A bugu na biyu wata mace ta ɗauka. Na yi sallama, na ce da faransanci ni Tasi'u ne, ɗan'uwan Mutari. Sai ta faɗi sunan birninsu, ta ce, "Ka zo."

Zuwan bai yi sauƙi ba. Na yi watanni ina ɗaukar siminti a shantiye, wuraren gini, daga Tamanraset zuwa In Sala zuwa Gardaya, ina tara na mota ina matsawa gaba. Sanyin ƙasar ya fasa mini leɓe da dunduniya. Burodi safe, burodi rana, har na fara mafarkin tuwon gero da miyar kuka, in farka ina tauna bargo. In motar masu kaki ta gilma kowa ya ɓoye bayan bulo, ni kuma in ta wuce sai in kasa fitowa, sai an zo an jawo ni. Sai da sanyi ya janye na isa birnin, a bakin teku. Ba zan faɗi sunansa ba, matar ta roƙe ni.

Gidan tsoho ne, mai doguwar katanga da tagogin katako a rufe. Matar da ta buɗe, Madam Nasira, ta kai shekarun Mutari. Da ta gan ni sai ta ja da baya ta dafe ƙirji. A bakin ƙofa, daga ciki, ga silifas shuɗi an jera su kamar mai su ya shiga yanzu. Na san su. A kasuwar Magaria aka saye su, ina wurin.

Na yi sallama. Daga can cikin duhun gidan wata murya ta tsufa ta amsa da Hausa:

"Ina gajiya, Mutari?"

Ba kalmomin ne suka tayar mini da tsigar jiki ba. Yadda aka ja ƙarshen "gajiya" ne, aka sauke shi a hankali. A duniya mutum ɗaya na sani mai gaisuwa haka. Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Ba gajiya."

Madam ta zaunar da ni a kicin ta ba ni labari. Mahaifinta, Si Tahar, malamin jami'a ne da ya ajiye aiki. Idonsa ya kusa tafiya, hankalinsa kuma yana zuwa yana komawa. Mutari ne ke kula da shi, ya yi masa wanka, ya ba shi abinci, ya zauna ya saurare shi. Wata Juma'a ya fita masallaci bai dawo ba. Bai ɗauki jaka ba, bai ɗauki komai ba. Ta zagaya asibitoci, ta tambayi duk wanda za a tambaya. A makon an yi kamen baƙi a unguwar masallacin, an cika manyan motoci an yi kudu. A makon kuma wani kwalekwale ya tashi daga gaɓar da ke ƙasan unguwar zai tsallaka teku, ba a sake jin labarinsa ba. Ba ta san wanne ya ɗauke shi ba, ko ma ba ɗaya daga ciki.

"Tun lokacin babana ba ya ci sai da faɗa," in ji ta. "Yanzu da ya ji muryarka ya tashi zaune. Ka zauna tare da mu kana nemansa. In ya kira ka Mutari, ka amsa. Me zai rage maka?"

Na kwana biyu ina juya maganar. A ƙarshe na yanke wa kaina cewa ba zan taɓa furta "ni ne Mutari" ba. "Na'am" kawai zan ce, don na'am ba rantsuwa ba ce. Amma duk sanda na faɗe ta sai in ji kamar na shiga rigar wanda bai gama cirewa ba.

Aka ba ni ɗakinsa a bayan lambu. Rigarsa na rataye a ƙusa. A kusurwar lambun, gindin famfo, na ga wasu tsirrai da na sani tun kafin in sunkuya. Gero ne. Madam ta ce Mutari ya shuka 'yan ƙwayoyin da ya zo da su daga gida, tsuntsaye suka ci, abin da ya zube yake fitowa da kansa. Gyauron gonarmu ne, a ƙasar da ko sunan gero ba su sani ba. Na yi masa shinge da kara.

Kullum bayan kofin safe Si Tahar zai miƙo hannu in kai shi ɗakin allo. Bango guda baƙin allo ne, cike da rubutun alli da ba a yarda kowa ya goge ba. Lambobi, layuka masu lanƙwasa kamar ramin rijiya, haruffa masu ɗan gicciye ko ɗan gajeren layi a kafaɗa. Na taɓa raka wani kawuna wurin mai bugun ƙasa a bayan Magaria, na ga yadda yake ɗiga layuka a rairayi yana haɗawa yana cirewa har ya fito da labarin abin da ya ɓace. Na ce a raina, ashe gidan mai duba Mutari ya yi aiki. Na daina shan ruwan da ya kwana a ɗakin. Ina shiga da Ayatul Kursiyyu, ina fita da ita.

"Ina muka tsaya jiya, Mutari?" haka yake farawa, da faransanci a hankali, irin na malamin da ya saba da ɗalibi mai nauyin kai.

Wata rana da tsakar rana ya ce in rufe tagogi. A kan tebur akwai wata doguwar kwalba siririya, an toshe bakinta biyu da ƙarfe, waya na fita daga kowane gefe. Na sha goge mata ƙura, na san babu komai a ciki. Ya lalubi maɓalli ya danna. Wani akwati ya fara kuka ƙasa-ƙasa kamar zuma a kogon itace. Sai kwalbar ta kama haske. Ba wuta ba ce, ba hayaƙi, ba lagwani. Haske ne kalar furen wake, tsakanin ja da shuɗi, yana rawa kaɗan-kaɗan. Ya faɗa a fuskar tsohon, fararen idanunsa suka koma kalarsa. Na ja da baya har na bugi ƙofa.

"Kada ka gudu. Gaz ne a ciki, wata irin iska, ɗan kaɗan. Sunansa idrojen, babu abin da ya fi shi rashin nauyi a duniya. 'Ya'yansa ƙanana ne, ido ba ya ganinsu, kuma ba sa yawo ɗai-ɗai. Biyu-biyu suke, a manne." Ya haɗa dunƙulen hannayensa biyu. "Lantarki na koro wasu 'yan mitsi-mitsi ta cikinsu, elektaron. Yawancinsu wucewa suke. Amma wani lokaci baƙo ɗaya, in gudunsa ya yi daidai, sai ya shiga wurin biyun nan ya zauna. Sun zama uku ke nan."

Na ce, "Sai me?"

"Zaman ba ya daɗewa. In ka raba ƙiftawar ido gida dubu, ka sake raba ɗaya gida dubu, ka yi ta yi, ba ka kai gajartarsa ba. Tun da baƙon ya shiga, biyun nan suke fara ja da baya da juna." Ya fara raba hannayensa a hankali. "Hanya biyu ce. Ko baƙon ya fice da wuri, su koma su manne, amma suna karkarwa. Ko ya daɗe har su yi nisan da ba komawa. Sai su rabu. Ɗaya ya tafi sakayau. Ɗayan ya tafi ɗauke da baƙon." Ya juya ya shafa allo har ya sami wani harafi mai ɗan layi a kafaɗa. "Shi ne wannan. Iyon negatif. A kansa na ƙare rayuwata."

Ya ce in biyun suna zaune lafiya, da wuya baƙon ya raba su, kusan kullum ficewa yake. Amma in dama an riga an girgiza su, suna karkarwa tun kafin ya zo, to rabuwar ta fi sauƙi sau dubbai, kuma ko baƙo mai tafiyar sanyi ya isa. Wanda ya tafi da baƙon ma riƙon da ya yi masa sako-sako ne, wani mai gudu na bugunsa zai ƙwace.

Ni ban ji gaz ba, ban ji lantarki ba. Abin da na ji shi ne biyu a manne, da aka girgiza, za su rabu ko za su koma. Na tuna shekarar da gero ya ƙone, da yadda Mutari da Zuwaira suka yi ta faɗa ƙasa-ƙasa kafin ya tafi. Na tabbata tsohon nan labarin gidanmu yake gani a kwalba, yana faɗa mini a lulluɓe.

Na tambayi Madam ko mahaifinta yana duba. Ta yi dariya har ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Babana? Mutumin da tabaransa na kan goshinsa yana nema? Lissafi ne, Tasi'u. Masu gina manyan injuna ne ke amfani da shi. Ko gobe za a yi ruwa bai sani ba."

Na yi dariya don ta yi. Amma mai bugun ƙasa ma lissafi yake cewa yana yi.

Duk Juma'a ina zuwa masallacin da Mutari ya je, in tsaya a bakin ƙofa ina duban fuskoki. Na bi shantiye-shantiye, na je inda mutanenmu ke kwana, na sauka har gaɓar teku. Wani ya ce kamar ya gan shi a cikin mota. Wani ya ce kamar ya ji yana tambayar kwalekwale. Da na matsa da tambaya sai kowa ya koma "kamar". Geron lambu kuwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya fitar da kai. Shi ne agogona. Na san in ya nuna a nan, a gida ma an kusa yanka, kuma Baba Haru na jira.

Sai wasu-wasi ya raba ni biyu. Malamai sun ce wanda ya je wa mai duba, sallarsa ba ta karɓuwa har kwana arba'in. In kuma na koma hannu wofi, Zuwaira za ta ci gaba da zama a rataye, ko kuma a matsa mini in rantse a kan abin da ban gani ba. Har na fara gwada faɗin "ya rasu" a bakina ina ban ruwa, in ji yadda za ta fito. Ba ta fita. Ranar da na murza zangarniya na ga ƙwaya ta yi tauri, na yi sallolina a kan lokaci, na roƙi gafara tun kafin in yi laifin, na shiga ɗakin allo.

Na rufe tagogi da kaina. Na ce wa Si Tahar ya kunna kwalbar. Da hasken ya tsaya na durƙusa a gabansa kamar yadda na ga kawuna ya yi.

"Baba, ni ba Mutari ba ne. Ƙanensa ne, Tasi'u."

Bai motsa ba. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko. Mutari in ya ja ƙofa ya tafi ke nan. Kai sai ka dawo ka taɓa ta. Ina jin ka."

"To me ya sa kake kira na da sunansa?"

"Kana amsawa. Kuma gidan ya fi daɗi in ana faɗin sunan."

Na gaya masa komai, da Zuwaira, da Baba Haru, da Alƙur'anin da zan dafa. Na ce, "Kai kana ganin abin da ido ba ya gani. Ka buga mini lissafinsa. Yana raye ko ya mutu? Zunubin a kaina."

Ya juya ya fuskanci kwalbar. Akwatin na ta kukansa.

"Ɗana, ka ga hasken nan? Ba shi ne abin da nake nema ba. Wannan na wasu ne da aka buga suna hucewa. Nawa ba ya haske a nan. Ban taɓa ganinsa ba."

"Amma ka ce yana nan."

"Don abokan aikina sun jawo shi da lantarki da maganaɗisu zuwa kan wani faranti, allurar awo ta motsa. Na yarda da allurar. Kuma ka saurara da kyau. In ka ba ni taro mai yawa, zan gaya maka kashi nawa za su rabu, kashi nawa za su koma, ba zan yi kuskure sosai ba. Amma ka nuna mini guda ɗaya ka ce wannan fa, wace hanya zai bi? Ban sani ba. Ba wai ilimina ne ya gaza ba. Babu wanda ya sani, lissafin da kansa haka ya ce. Wanda duk ya ce maka ya san na guda ɗaya, wani abu yake so a aljihunka."

Na tuna farar rigar Alhaji Tanko.

"Waɗanda suka shiga motocin nan, da yawa sun isa gida," in ji shi. "Waɗanda suka shiga ruwa, wasu sun tsallaka. Wannan maganar taro ce. Kai guda ɗaya kake nema. Wace allura ce ta motsa maka?"

Na yi tunanin takalmin da ya yi mini kaɗan, da silifas, da masu cewa "kamar". Na ce, "Babu."

"To kada ka rubuta komai a allon." Ya lalubi maɓalli ya kashe. Cikin duhun na ji ya ce, "Buɗe taga, Mutari." Ban sani ba ko hankalin ne ya sake tafiya, ko da gangan ya yi. Na ce na'am, na buɗe.

Na yanke zangarniyar da tsuntsaye suka rage, na ɗaure ta cikin rigar Mutari. Silifas ɗin Madam ta ce in bar su inda suke. Ta haɗa ni da motocin da ke mayar da masu son komawa gida, ta cusa mini dabino da maganin ciwon kai. Tsohon yana barci na fito, ban tashe shi ba. Na ja ƙofar gidan, na yi taku kaɗan, na dawo na taɓa ta, don in ya farka ya san wanda ya tafi.

Na iso ana ɗaurin dami. Ba a bar ni na huta ba, washegari da la'asar aka taru a zauren gidanmu, liman da Baba Haru da dattawa biyu. Mata na bayan zana, ina jin motsinsu. Liman ya ɗora Alƙur'ani a kan buzu, ya ce in matso.

Na dafa. Na ce, "Na ga ɗakinsa, na ga rigarsa, na ga geron da ya shuka. Ya fita sallar Juma'a bai dawo ba. Ban gan shi ba. Ban ga gawarsa ba, ban ga kabarinsa ba, ban ga wanda ya gani ba. Ban sani ba."

Baba Haru ya buga sandarsa a ƙasa. "Shekara guda! Ka tafi da ban sani ba, ka dawo da ban sani ba? Ai da akuya muka aika, da ta dawo da ƙiba. Kai Tasi'u, mutum ya yi damina uku shiru, wane ne bai san abin da ake nufi ba? Faɗi kalma ɗaya yarinya ta yi takaba ta huta!"

Na ce, "Baba, ka gafarce ni. In na ce ya rasu, gobe ya shigo fa?"

"In bai shigo ba fa, har ta tsufa?"

Liman ya ce akwai hanya ɗaya da ta rage. A kai magana gaban alƙali a Magaria, ya raba auren saboda miji ya ɓace, ba tare da an ce ya mutu ba. Amma a nan garin ba za a yi haka ba sai gidan miji sun tsaya sun ce sun yarda. Mahaifinmu ya rasu. Aka juyo ana dubana. Ni ƙane ne, da wane baki zan kwance auren yayana? Babu wanda ya yi tunanin tambayar Inna, don an san a kan ɗan fari ba za ta buɗe baki ba.

Sai muka ji muryarta daga bayan zana, ba da ƙarfi ba.

"Malam, a kai ta Magaria. Na yarda."

Kafin wani ya motsa ta ci gaba.

"Ba a yi sadakar mutuwar kowa ba, ba za a yi ba. Yarinya ta yi iyakar nata, ta tafi ta yi rayuwarta. Ni na haifi Mutari. Ni zan jira Mutari."

Sau biyu ta faɗi sunan. Liman ya sunkuyar da kai. Baba Haru ya jawo sandarsa jikinsa. A bayan zana Zuwaira ta fashe da kuka. Ni kuwa hannayen tsohon nan nake gani suna rabuwa a hankali cikin haske kalar furen wake.

Alƙali ya raba auren bayan an gama sussuka. Da idda ta cika, Zuwaira ta hau amalanke da kayanta, ta bar mana 'yar tasu, kwana-kwana tana zuwa ganinta. Zangarniyar da na kawo Inna ta rataye ta a ɗakinta, ta ce ba za a ci ba, ba za a shuka ba, sai mai ita ya zo.

Tun ranar sunan ya saki a bakinta. Tana tankaɗe za ta faɗe shi, tana kallon hanya za ta faɗe shi, ba da kuka ba, kamar mai kiran wanda ke bayan ɗaki. Wani lokaci ina gindin rumbu zan ji ta ce, "Mutari." Sai in ciji leɓena da ƙarfi, don bakina ya riga ya saba amsawa.